Manhajar da ba ta ganin "ruwa": sharhi a kan RedNotebook da kalmar "kyauta"

Yau za mu ɗan kauce wa darasin da muka saba, amma ku yi haƙuri ku bi ni, a kan nahawu za mu sauka.

Kwanakin baya wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya tare ni bayan an tashi, ya ce: "Malam, wace manhaja ce ta kyauta da zan riƙa rubuta abin da ya faru da ni kullum, kamar yadda ka ce mu riƙa yi don hannunmu ya faɗa?" Na ba shi sunan wadda nake amfani da ita, ya yi godiya ya tafi. Ni kuma ya bar ni da kalma ɗaya tana yi mini yawo a ka, wato "kyauta". Wannan rubutu sharhi ne a kan manhajar, da kuma a kan wannan kalma da muke laƙaba mata.

Kafin nan bari in faɗa maka abin da ya sa maganar ta dame ni. Ni ma ina da kundin yau da kullum. A ciki nake zuba kurakuran da na gani a rubutun ɗalibai, da karin maganar da na tsinta a kasuwa ko a bakin dattawa, da abin da ya yi kyau a aji da wanda bai yi ba. A da, a wata manhajar waya nake rubutawa, ba sai na kama sunanta ba. Da na canja waya sai ta ƙi buɗewa. Ashe masu ita sun daɗe da daina sabunta ta. Fayil ɗin da na ajiye yana nan, amma a wani tsari yake wanda ita kaɗai ke iya karantawa. Rubutun kusan shekara biyu ina kallonsa, ba ni da ikon karanta ko layi ɗaya. Tun daga ranar, idan an nuna mini manhaja, tambayata ta farko ita ce: wa yake kula da ita, kuma idan ya daina, ina makomar rubutuna?

WACE CE REDNOTEBOOK?

Manhaja ce ta rubuta kundin yau da kullum a kwamfuta. Wani Bajamushe masanin kimiyyar kwamfuta, Jendrik Seipp, shi ya fara ta a 2008, kuma shi ne jagoran kula da ita, tare da masu taimaka masa daga wurare daban-daban. Da harshen kwamfuta da ake kira Python aka rubuta ta. Tana aiki a Linux da Windows da macOS. Idan ka buɗe ta za ka ga kalanda a gefe, ka danna rana ka yi rubutunka. Akwai wurin bincike, akwai lakabi da ake yi da alamar #, akwai kuma abin da zan kira gajimaren kalmomi, inda take tara kalmomin da ka fi yawan amfani da su, wadda ta fi yawa ta fi girma. Rubutun tushenta, wato umurnonin da aka gina ta da su, yana ajiye a fili a GitHub, kowa na iya dubawa.

ABIN DA TA YI DAIDAI

Babban abin yabo a wurina ba ya cikin abubuwan da ido ke gani. Yadda take ajiye rubutu ne. Kowane wata tana ba shi fayil ɗinsa na tsuran rubutu, da suna irin 2024-03.txt. Ko babu RedNotebook a kwamfutar, za ka iya buɗe fayil ɗin da kowace manhajar rubutu ka karanta abinka. Ka ga ko gobe aka wayi gari manhajar ta mutu, kundinka yana nan. Wanda ya taɓa yin asara irin tawa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu shi ne kulawa. Mutane da yawa suna ɗauka manhaja kamar tukunya take, a gina ta, a gasa, shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Kowace manhaja a kan wasu take zaune, su kuma waɗannan kullum canjawa suke yi. Misali, an fitar da Python 3 a ƙarshen 2008, kuma bai dace da Python 2 a abubuwa da dama ba. Masu Python suka sanar cewa daga ranar 1 ga Janairu 2020 sun daina kula da Python 2. Duk manhajar da aka bari a kan tsohon, sannu a hankali sai ta daina shiga sababbin kwamfutoci. RedNotebook ta yi wannan ƙaura a 2017, a siga ta 2.0, ta koma Python 3 da kuma GTK 3, wanda shi ke zana tagogi da maɓallanta. Aiki ne mai cin rai, kuma mai amfani da manhajar ba zai ga wani sabon abu da zai yi murna da shi ba. Abin da zai samu kawai shi ne ta ci gaba da buɗewa.

To ina ruwan mai nazarin Hausa da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Ka taɓa buɗe wani rubutu ka ga an rubuta "Æ™asa" a maimakon "ƙasa"? Ga dalilin. A tsarin UTF-8 da yawancin rubutun intanet ke bi, haruffa irin a, b, k kowanne bayit ɗaya yake ci, amma baƙaƙenmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, kowanne bayit biyu yake ci. Manhajar da ba ta fahimci haka ba sai ta raba ƙ gida biyu, ta nuna kowane rabi da wata baƙuwar alama. A Python 2, sai mai rubuta manhaja ya yi taka-tsantsan a kowane lungu kafin ya kauce wa irin wannan. A Python 3 kuwa, rubutu tun asali a tsarin Unicode yake, inda ƙ harafi ɗaya ne cikakke. Wato irin wannan gyara na bayan fage, wanda ba a yi wa tafi, yana daga cikin abin da ke tsare mana ƙugiya.

INDA TA GAZA

Yabon gwani ya zama dole, amma sharhi ba ya cika sai an faɗi ɗaya gefen.

1. Gajimaren kalmomi. Bayan na yi watanni ina rubutu, na duba gajimaren nawa in ga me ya fi damuna a wannan zango. Sai na ga manyan kalmomin su ne: wannan, saboda, lokacin, cikin, wanda, kamar. Ina ruwa? Ina kuɗi? Ina yara, waɗanda kusan kullum sai na ambace su? Babu. Dalili shi ne manhajar tana da ƙa'ida: kalma mai haruffa huɗu ko ƙasa da haka ba ta shiga gajimare, sai in kai ka sa ta da hannunka a wani jeri na musamman. An yi haka ne don a tace ƙananan kalmomin haɗa jimla, kuma gaskiya ko a Hausa ta tace da, na, ta, ne, ce, kuma, amma. Matsalar ita ce ginin kalmar Hausa. Ɗimbin sunayenmu na asali gaɓa biyu ne, baƙi da wasali, baƙi da wasali: gida, gona, jiki, wuta, rana, dare, mota, ciwo. Duk haruffa huɗu ne. Su ne kuma ainihin abin da mutum ke rubutawa a kundinsa. Ƙa'idar ta zubar da tsaba ta bar mana ƙaiƙayi.

Akwai ma wani abin dariya. Mu a aji muna koyar da cewa ts da sh da kw kowanne baƙi ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san wannan ba, alamomi take ƙirgawa. Saboda haka "kwana" ya shiga gajimare don ta ga biyar, "rana" kuma ta tsaya a waje. "Tsoro" ya shiga, "rai" bai shiga ba.

2. Alhamza a cikin lakabi. Rubuta #makaranta, lafiya lau. Rubuta #ma'aikata, sai lakabin ya tsaya a #ma. #jama'a ya koma #jama, #sana'a ya koma #sana. Haka abin yake a Facebook ma, kun sha gani. Manhaja tana ɗaukar wannan alama a matsayin alamar rubutu kamar waƙafi, mu kuma a wurinmu baƙi ce mai zaman kanta. A nan 'yan uwanmu na Nijar sun ɗan fi mu sa'a, domin su ƴ suke rubutawa inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y, kuma ƴ harafi ne a Unicode. Amma a ma'aikata da jama'a duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

3. Babu ta a waya. Manhajar kwamfuta ce kawai. Ɗalibin da ya tambaye ni yana da damar taɓa kwamfutar yayansa, shi ya sa na ba shi sunanta. Mafi yawan ɗalibaina kuwa waya ce kaɗai a hannunsu, in ma akwai. Wannan babban gibi ne a wurinmu.

4. Ba ta kulle rubutu da kanta. Sauƙin nan da na yaba, na cewa kowa na iya buɗe fayil ɗin, shi ne kuma rauninta. Kundin yau da kullum wurin sirri ne. Idan kwamfutar ta gida ce, hannu da yawa na taɓa ta, sai ka nemi wata hanyar kulle babban fayil ɗin da kanka. Ki lura da wannan musamman, ke ɗaliba, kafin ki zuba abin da ke ranki.

5. Nauyin a wuyan mutum ɗaya ya fi yawa. Wannan ba laifinsa ba ne, amma haɗari ne. Mutum yana da aikinsa da iyalinsa, yana iya gajiya. Kuma an ga abin da hakan ke haifarwa a wani wuri. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ɗimbin kwamfutocin Linux ke dogaro da ita. Mai kula da ita kusan shi kaɗai ne, aiki ya yi masa yawa, sai wani ya yi kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amincewarsa, sannan ya yi ɓarnar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda aka bari shi kaɗai ba ya iya tsayawa zaɓen mai taya shi.

Akwai wani abu da na so in sa a wannan jeri, amma da na duba sai na ga laifin nawa ne. Na nemi "ƙasa" a wurin bincike, wasu ranakun ba su fito ba. Ashe a ranakun ina sauri, "kasa" na rubuta. A Unicode, ƙ ba k ba ne da aka ɗora wa ado, harafi ne daban, kuma hakan shi ne daidai. Kafa da ƙafa, bata da ɓata, baki da baƙi ba abu ɗaya ba ne. Idan ka yi kasalar sa ƙugiya yau, kai ne za ka rasa rubutunka gobe.

YANZU GA KALMAR "KYAUTA"

Irin wannan manhaja, Turawan Ingila da Amurka suna kiranta da kalmar "free", wadda a harshensu take ɗauke da ma'ana biyu: abin da ba a biya ba, da kuma abin da ke da 'yanci. Ɗaliban Nijar sun san Faransanci ya raba su, "gratuit" daban, "libre" daban. Hausa ma ta raba. Amma da muka tashi fassara sai muka ɗauki ta farko, alhali ta biyu ake nufi.

Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983, ya kafa gidauniyar 'yantacciyar manhaja a 1985, 'yanci huɗu yake magana a kai: ka yi amfani da manhaja yadda ka so, ka nazarci yadda take aiki ka canja ta, ka rarraba ta ga wasu, ka kuma rarraba wadda ka gyara. Lasisin GPL, wanda RedNotebook ke ƙarƙashinsa, ya ƙara sharaɗi: in ka rarraba gyararriyar, dole ka bar wa na gaba irin 'yancin da ka samu. Babu inda aka hana sayarwa. A 1998 ne wasu suka fito da ɗaya sunan, mai nufin buɗaɗɗen tushe.

Manhajar da ta cinye mini rubutun shekara biyu ta kyauta ce, ko kwabo ban biya ba. Amma ba 'yantacciya ba ce. Da tushenta a buɗe yake, da ko masu ita sun watsar, wani zai iya ɗauka ya ci gaba, ko aƙalla ya duba yadda take ajiye rubutu ya fito mini da nawa. Kun ga bambancin ba na ƙawa ba ne.

Dubi kuma abin da kalmar ke sa mu yi. A al'adarmu, wanda aka yi wa kyauta godiya ce tasa. Ba ya cewa rigar ta yi gajarta, ba ya kuma komawa ya taya maɗinki aiki. Muddin muna cewa "manhajar kyauta", mun zaunar da kanmu a mazaunin mai karɓa. Ni a ganina rijiyar unguwa ta fi kama da ita. Kowa na ɗiba ba ya biya, amma in ba a yashe ta ba, wata rana sai a zura guga a jawo laka.

Shawarata ita ce mu riƙa cewa 'yantacciyar manhaja idan 'yancin muke nufi, buɗaɗɗiyar manhaja idan buɗewar tushen muke nufi, mu bar "ta kyauta" ga maganar kuɗi kawai. Ɗalibai ku lura, duka biyun sifa 'yar aikatau ce: 'yanta ta ba mu 'yantacce, 'yantacciya, 'yantattu, buɗe ta ba mu buɗaɗɗe, buɗaɗɗiya, buɗaɗɗu. Manhaja mace ce, don haka sigar mace za ta ɗauka, da mahaɗin -r. Tushe kuma namiji ne: manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Sifar da ba za ta taɓa dacewa da ita ba ita ce "kammalalliya". A kan irin wannan manhaja ba a cewa "an gyara" a yi shiru, "ana gyarawa" ake cewa, a lokaci mai ci.

ME ZA KA IYA YI?

Kada ka ce ai ni ban iya Python ba. Ni ma ban iya ba. Amma duba kurakuran da na lissafa. Na farko da na biyu ba wanda zai gan su sai mai rubutu da Hausa. Bajamushe ba zai yi mafarkin cewa "ruwa" ta ɓace daga gajimare ba. A GitHub akwai wurin kai rahoton tangarɗa, kuma rahoto mai amfani abu uku yake buƙata: abin da ka yi, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. "Na rubuta #ma'aikata, na zata duk kalmar za ta zama lakabi, sai #ma kaɗai ta zama." Shi ke nan. Ko an karɓi gyaran ko ba a karɓa ba, an dai san da mu.

Na biyu, gajimaren yana da jeri biyu a wurin saituna, na kalmomin da za a cire da na gajerun da za a bari. Ga nawa, ka kwafa ka ƙara. A cire: wannan, wancan, saboda, domin, wanda, wadda, waɗanda, sannan, lokacin, cikin, kamar, bayan, akwai. A bari: ruwa, gida, aiki, kuɗi, yara, gona, jiki, rana, dare, wuta, aure, ciwo, aji, uwa, uba, rai. Tsara irin wannan jeri aikin mai nahawu ne, ba na injiniya ba.

Na uku, fassara. Kalmomin da ke jikin maɓallan irin waɗannan manhajoji a fayiloli daban suke, masu sa kai ne ke fassara su. Duk mai son sa hannu a fassarar Hausa, ta wannan ko ta wata, zai ci karo da tambayoyin da mu ne ya kamata mu amsa. Manhaja ba ta san jinsin mai amfani da ita ba: "Ka tabbata?" za a ce ko "Kin tabbata?" Ni na fi son a kauce da "A goge?" ko "A ci gaba?", a maɓalli kuma a yi amfani da tsuran umurni, Adana, Buɗe, Nemo, wanda bai ware mace ko namiji ba. Sai adadi: tsarin fassarar yakan nemi tilo da jam'i, sai mai fassara ya rubuta "kwanaki 3" ko'ina, alhali Bahaushe "kwana uku" ya fi cewa, kamar "shekara goma" da "naira ɗari". Sannan fassara ma kulawa take so. Kowace sabuwar siga tana zuwa da sababbin jimloli, in ba mai bi, sai ka ga rabin allo Hausa rabi Turanci.

HUKUNCINA

Ga mai kwamfuta da ke son kundin da zai iya karantawa bayan shekara ashirin, RedNotebook ta cancanci gwadawa, in ya gyara jerin gajimaren, ya guji alhamza a lakabi, ya kuma tanadi hanyar kulle sirrinsa. Ga mai waya kaɗai, ba tasa ba ce, amma ya tafi da tambayoyi biyun nan duk inda zai zaɓa: wa ke kula da ita, kuma zan iya fitar da rubutuna in karanta ba tare da ita ba?

Lasisin ya ba mu dama mu duba, mu gyara, mu fassara. In muka zauna, sai ya zama rijiya ta bayar guga ya hana.

Aikin gida, tun da malami ba ya tashi aji hannu sake: kowa ya kawo gajerun kalmomi biyar da ya ga ya kamata a ƙara a jerin "a bari", da dogaye biyar na jerin "a cire". Sannan ku faɗi ra'ayinku, tsakanin 'yantacciya da buɗaɗɗiya wacce ta fi zama a bakinku, da dalili. Wanda ya rubuto "kudi" ba ƙugiya, zan mayar masa da takardarsa.